Babur ɗin da Aka Ba Malam Barnaba

Ban taɓa mantawa da ranar da aka miƙa wa Malam Barnaba makullin sabon babur a ƙofar majami'ar Ƙanƙara ba, ni kuwa ina tsaye a gefe riƙe da tsohon kekena. Tunda ku masu shirin fita aikin bishara bana kun ce in ba ku labari ɗaya, wannan zan ba ku.

Tsakiyar shekarun saba'in ne, lokacin da kuɗin mai ya shigo ƙasa, ba a ma yi jihar Katsina ba tukuna. Malaman makaranta da malaman gona da masu aikin hanya suka cika Ƙanƙara, da yawansu Kiristoci ne. Baiko, wato kuɗin da masu bi ke bayarwa a sujada, ya ƙaru. Majami'ar da muka gina da jar ƙasa ta sami rufin kwano, aka kwashe kututturan zama aka sa benci.

Ga yadda tsarin yake a wancan zamani. Fasto ɗaya ne ke riƙe da gunduma, yana zaune a Ƙanƙara. A ƙarƙashinsa akwai mu masu bishara, kowa da tasharsa, wato ƙauyen da ake sujada amma bai kai a kira shi ikilisiya ba. Kafin tasha ta zama ikilisiya mai dattawan kanta, sai manya masu baftisma sun kai talatin, kuma sai majalisar gunduma ta aiki wani ya je ya gani da idonsa.

Ni da Barnaba ajinmu ɗaya a makarantar horar da masu bishara. Ni aka fara turawa, Faskari, ina zagaya gidajen Maguzawa da ke kewaye. Shekara shida ina taka keke, abin da na samu gida huɗu. Shi kuwa an bar shi a Ƙanƙara yana taimaka wa fasto, yana koyar da waƙa. Matarsa Saratu ungozoma ce, ita ke jan zumuntar mata.

Sai labari ya zo cewa wasu manoma sun yi ƙaura zuwa bayan Sabuwa neman sabuwar ƙasa, sun kafa wata unguwa a bakin daji, a cikinsu akwai masu bi gida biyu ba mai kula da su. Fastonmu, wanda kowa ke ce wa Baba Fasto, ya kawo maganar majalisa, ya ce Barnaba za a tura, kuma babur ɗin da aka saya shi za a ba.

Baba Audu, babban dattijon ikilisiya, ya miƙe. Ya ce, “Fasto, mu muka raini yaron nan. Yanzu da ya kawo ƙarfi sai wasu su ci moriya? Wa zai karɓi haihuwar matanmu?”

Baba Fasto ya ce, “Baba, ba a tara mu nan don mu yi ta kallon juna kan benci ba. Aiko mu aka yi. In za mu aika kuwa, ba wanda ba mu so za mu aika ba.”

Aka tashi a kan haka. Amma ranar da aka tayar da babur ɗin, mata na guɗa, ban jira an gama addu'ar sallama ba na hau kekena. Da na isa gida na gaya wa matata Talatu, ta ce, “To kai ba aiko ka aka yi ba? Ko ƙafarka ta ƙarfe ce?” Wannan magana ta yi mini daɗi, ta kuma ƙara hura mini wuta.

Daga nan duk taron gunduma labarin Unguwar Ɗorawa ake yi, sunan wurin ke nan. An yi baftisma a rafi. An haƙa rijiya. Rumfar sujada ta yi kaɗan an ƙara ta. Idan aka zo kaina sai in tashi in ce gida huɗu suna nan, suna gaisuwa, in zauna. Mutanen Ƙanƙara ma ba daɗin labarin suke ji ba. Mata suka daina ambaton sunan Saratu, sai dai su ce “mutanen Sabuwa”. Waƙa ta mutu a majami'a, kowa ya san dalili, ba mai faɗa.

Bayan damina biyu aka ce lokaci ya yi da za a duba ko tashar ta isa zama ikilisiya. Baba Fasto ya ce ni zan je. Da aka tashi, Baba Audu ya ja ni gefe.

Ya ce, “Malam Iliya, ka ƙirga da kyau. In ba su cika ba, a maido mana yaronmu gida. Ai ya yi iyakar ƙoƙarinshi.”

Da kaka na tafi. Na ɗora keke a saman motar kasuwa, muka bi ta Funtua da Dandume, daga Sabuwa na taka sauran. Ƙa'idar aikin ita ce ka fara gaida mai gari kafin ka shiga gidan kowa. Na tarar da shi a zaure, wani Alhaji mai farin gemu, da carbi a hannu. Da na faɗi ko ni wane ne sai fuskarsa ta canja.

Ya ce, “Malam, halan kai ne ka zo ɗauke mana su? Bari in faɗa maka. Addininmu daban, kowa ya sani. Ban taɓa taka rumfarsu ba, shi ma Malam Barnaba bai taɓa matsa mani ba. Amma jikokina uku a hannun matarshi aka haife su. Rijiyar can kuma, da aka ce ya haƙa ta cikin shingensu, cewa ya yi a'a, a bakin hanya, inda Fulani za su sha ba sai sun yi sallama ba.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, duba aiki kawai na zo.” A raina kuwa ina tuna mai garin da nake zaune ƙarƙashinsa shekara takwas, wanda har lokacin “mai keke” yake ce mini.

Barnaba ya rungume ni, Saratu ta yanka kaza. Na lura ya rame, takalminsa na tayar mota ne. Na duba tsakar gida, na duba bayan rumbu, ban ga babur ba.

Ranar Lahadi na zauna a gaba inda zan ga kowa. Rumfar babba ce, amma rabinta ba kowa. Na ƙirga manya masu baftisma, na sake ƙirgawa: goma sha tara. Wani sanyi ya ratsa ni, irin wanda mutum ke ji idan an sauke masa kaya. Ashe duk labarin da ake ba mu iyakarsa ke nan.

Kafin a tashi sai wani dattijo a cikinsu ya nemi izinin magana. Ya juyo gare ni ya ce, “Malam, mun ji kai kaɗai ne a Faskari, aiki ya yi maka yawa. Mun yi addu'a, mun zamna mun shawarta. Ga Garba maƙeri da matarshi, sun yarda su koma can su zamna kusa da kai. Mu za mu noma masu hatsin shekarar farko.”

Ni, da na riga malaminsu fita aiki, ni za a aiko wa taimako daga rumfar kara? Na ce na gode, zan kai maganar gaba.

Da muka fito na tare Barnaba. Na ce, “Ina mutanen da ake ta ba mu labari? Ina babur?”

Ya ce sun kai kusan arba'in. Amma wasu baƙin manoma sun sari daji can ciki, tafiyar yini, ba rijiya, ba mai duba mara lafiya, ba wanda ya taɓa jin bishara. Sai gida biyar suka ce za su bi su, su yi gona a can. Babur ɗin yana wurinsu, da shi suke fito da marasa lafiya Sabuwa.

Na ce, “Babur ɗin majalisa ne.”

Ya ce, “Na aiki ne, Malam. Aikin kuma ya matsa gaba.”

Na ce, “Ka san ƙa'ida. Da ka bari na zo na ƙirga, sannan su tafi.”

Ya ce, “Da sun jira ka, da ba su yi sharar gona kafin ruwa ba. Mi za su ci?”

Da la'asar muna zagaya gonarsa, bakina ya suɓuce na ce, “Kai dai ka dace, komai ka taɓa sai ya yi kyau.” Ya kai ni gindin wata ɗorawa ya nuna mini ɗan ƙaramin kabari da aka kewaye da duwatsu. 'Yarsu ce, ƙyanda ta ɗauke ta a ranin farko. Bai taɓa faɗa a taron gunduma ba. Ya ce samarin gidan Alhaji ne suka haƙa kabarin, matan unguwa duka, Musulmi da Maguzawa, suka yi kwana bakwai suna kawo abinci. Na yi hawaye, don na san yarinyar tun tana goye. Duk da haka, a ƙarƙashin tausayin, wani abu na tambayata: in ni ne, wa zai haƙa?

A taron majalisa na tashi na ba da rahoto da baki, kamar yadda ake yi. Na ce manya goma sha tara na tarar, za su koma sha bakwai in maƙeri ya tashi, babur kuma ba ya hannun wanda aka ba.

Baba Audu ya ce, “To, magana ta ƙare. Ba su cika ba.”

Na ce, “Baba, ban gama ba.” Na faɗi inda gida biyar ɗin suke, da abin da ya kai su, da rijiya, da maganar mai gari, da kabarin. Na ce, “Su da ba su kai arba'in ba sun fitar da gida shida. Mu nan benci ba ya ɗaukarmu, gida ɗaya muka fitar, shekara biyu muna neman a maido shi. In ƙirga ake so, na ƙirga. Amma ni ban san wanne ne ikilisiya wanne ne tasha ba.” Ba don ina son a ƙara yabon Barnaba na faɗa ba. Abin da na gani ke nan, kuma gani aka aike ni yi.

Aka yi ta ja-in-ja har yamma. A ƙarshe ƙa'ida ta tsaya, ba a ɗaga tashar ba a wannan shekara, aka kuma ja wa Barnaba kunne kan ba da babur ba da izini ba. Amma Baba Fasto ya ce muddin shi ke riƙe da gunduma ba mai ɗauke Barnaba daga can. Baba Audu ya daɗe ba ya amsa gaisuwata da kyau. Sai bayan wasu daminu biyu mutanen Unguwar Ɗorawa suka sake cika talatin aka ba su dattawansu.

Garba kuwa ya zo Faskari ya kafa maƙerarsa a bakin kasuwa. Ba ya iya wa'azi, karatunsa ma da ƙyar. Amma duk mai fartanya ko lauje sai ya zauna a wurinsa, ana zuga ana hira, wanda ya yi tambaya ya ce masa, “Zo mu je wurin Malam.” Kafin shekara ta zagayo mai gari na aikowa a kira shi da sunansa. Ɗakin sujadarmu ya cika har waje. Ni ke koyarwa, ni ke shirya masu baftisma, amma a gari “cocin maƙeri” ake cewa. Wata rana na yi wa Talatu ƙorafi, ta yi dariya ta ce, “Malam, kai ka roƙi Allah ya kawo mutane. Ba ka ce ta hannun wa ba.”

Da muka yi ƙarfi aka ce mu ma mu aika gida ɗaya wajen Tafoki. Wasu sun zaci zan yi murna in rabu da Garba. Ni kuwa sati guda ina neman wani sunan da zan kawo, na rasa, don duk wanda na ɗauko na san don ba zan yi kewarsa ba ne. Garba muka aika. Na raka su har bakin rafi da uwar maƙerarsa a kan jaki, na dawo ina jin haushin mutanen da za su same shi.

To, ga abin da aikin nan ya koya mini. Za ku tarar da kishi a cikinsa fiye da yadda kuke zato, kuma ba na abin duniya ba ne kawai. Kishin wanda jama'a suka fi so ne, da kishin a raba ku da mutumin da kuka dogara da shi. Bai taɓa barina ba, na dai koyi in yi aikin da aka sa ni yana zaune a gefena. Ikilisiya kuma ba don kanta aka kafa ta ba, don mutanen da ke bayan shingenta ne, waɗanda suka shigo da waɗanda ba za su taɓa shigowa ba. In kun ga ta aiki mutum ba wanda ya ji zafi, ku bincika da kyau. Ba aike ta yi ba, rage kaya ta yi.