Telan da Ke Cewa "Sai Haƙuri"

Da na dawo daga karatu na tarar fuskokin finafinanmu ba su sauya ba, sai na ɗauka lalaci ne kawai irin na daraktoci. Labarin Baba Likita ne ya sa na rage baki.

Tela ne. Shagonsa na ƙarƙashin wani bene, keken ɗinki biyu da dutsen guga. Amma duk fim ɗin da wani darakta a garinmu zai yi, Baba ne likitan da ke fitowa daga ɗakin tiyata, ya zare tabarau, ya ce, "Sai haƙuri." Iyakar aikinsa ke nan. Farar rigar ma shi ya ɗinka abarsa. Matarsa takan tsokane shi, "Malam, kai dai har yau ba ka warkar da kowa ba."

A bara, mai zuba kuɗin fim ya kawo ƙaninsa, wani dogon saurayi, ya ce tsohon ya huta haka. Darakta ya kasa musu. Abin ya yi wa Baba ciwo, amma ya goge rigar ya kai wurin ɗaukar fim da kansa, ya samu benci a gefe ya zauna.

Aka kunna fitilu. Saurayin ya fito ya faɗi maganar kamar mai sanar da tashin mota. Jarumar da ya kamata ta fashe da kuka sai ta fashe da dariya. Aka sake, aka kuma sakewa, har aka nemo albasa. Hawaye ya zubo, kuka bai zo ba.

"Darakta, wallahi ba zan iya ba," in ji ta. "Baba kafin ya buɗe baki sai ya dubi ƙasa, sannan ya dube ni kamar 'yar cikinsa. Tun a nan gabana ke faɗuwa."

Mai kuɗin ya ga rana na tafiya, ya yi tsaki. "A ba tsohon rigarsa."

Baba ya miƙe bai yi gaggawa ba, ya sa rigar, ya gyara wuyanta. Ɗauka ɗaya aka yi. Har mai riƙe da makirufo sai da ya share ido.

Daga baya na sami Baba a shago yana datse zare, na ce, "Baba, shekara da shekaru kalma biyu tak, ba ka gajiya?"

Ya leƙo ni ta saman tabarau. "Ɗana, ban taɓa faɗarsu iri ɗaya ba. Ai ba mutum ɗaya ne ke mutuwa ba."