Piyanon Ruwais da Gardamarmu da Haruna

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Haruna makwancinsa, kuma wallahi har yau ban gama gardama da shi ba. Na gaji, amma ban gama ba.

Tare muka yi aiki a unguwar Ruwais da ke Jidda, a gidan wani Bature ɗan kasuwa, ni direba, shi mai kula da gida. Matar gidan tsohuwa ce mai kiɗa piyano, kaɗaici ya ishe ta, sai ta zaunar da mu tana koya mana karatun takardar kiɗa irin ta mutanensu na da. Mukan rufe tagogi saboda maƙwabta, in an kira salla mu ɗage hannu. Ko matanmu sun daɗe ba su sani ba.

Ni abin da mai kiɗan ya rubuta shi nake bi. Mutum ya zauna ya auna abinsa, ya ce nan sauri, nan sannu, kai wane ne da za ka gyara masa? Haruna kuwa sai ya kiɗa jimla ɗaya ya ɗan dakata, ya ja wata, ya sassauta inda ba a ce a sassauta ba. Mahaifinsa jagoran alhazai ne, mai karanta musu addu'a wajen ɗawafi gaɓa-gaɓa, yana jira su maimaita. A bayan uban ya tashi, haka kunnensa ya saba. Yakan ce mai sauraro ma yana bukatar a jira shi. Ni kuma in ce masa wannan ba kiɗa ba ne, jan ayari ne. Tsohuwar ba ta taɓa raba mu ba, dariya kawai take yi.

Yanzu ga kaset ya cika gari. Ina jin manyan makaɗan Turai, wani na gudu kamar ana korarsa, wani na ja har ka ƙosa, takarda ɗaya kuwa suke bi. Da Haruna na nan da ya ishe ni da "ka ji ko?" Shi dai ba a taɓa ɗaukar kiɗansa ba. Tsohuwar ta koma ƙasarsu ta rasu. Duk duniya ni kaɗai na rage da na san yadda hannunsa yake.

Watan jiya 'yarsa Zainabu ta same ni a unguwar Abhur, a gidan da nake gadi yanzu, inda akwai piyanon da ba mai taɓawa. Tana ƙarama ya rasu, Hausarta ma rabi Larabci ce. Ta ce an kusa aurenta, za ta bar Jidda, abu ɗaya take roƙo. Ammi take kirana, wato baffa da Larabci.

"Ammi, ka kiɗa mini yadda Baba yake yi. Ba naka ba, nasa."

Yatsuna sun yi tauri, kuma ban taɓa koyon salonsa ba, suka kawai na iya. Na fara, sai ga nawa yana fitowa, tsaf, ba Haruna a ciki ko kaɗan. Na ce mata halas, wato shi ke nan, ba zan iya ba. Ba ta motsa ba.

Da na sake, na iso wata gaɓa, sai na tuna nan ne nakan buga masa tsawa. Na dakata kamar yadda yake yi. Gaba kaɗan ga inda na taɓa ce masa ya yi barci ne? Na ja. Ashe duk wurin da muka yi faɗa yana nan a kaina daram. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe.

Abin da ya rage na Haruna ke nan: ba hoto mai kyau, ba murya a kaset, sai wuraren da ya ba ni haushi. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Zainabu ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Yalla Ammi, sake."

Na sake mata. Har yanzu ina nan a kan bakana cewa ba haka aka rubuta ba, amma tun ranar hannuna ya ƙi komawa nawa.