Babban Yatsansa Ne Ya Tona Shi

Ni da ɗan baffana mun yi alkawari tare za mu ƙare gem ɗin bidiyon nan na tserewa daga kurkuku, wanda aka kashe ya miƙa wa ɗaya abin dannawa. Jarrabawa ta riƙe ni mako biyu a jami'a, can Gidan Kwano. Da na dawo gida Chanchaga muka ɗora, yana ta salati kamar bai taɓa ganin wurin ba. Sai na lura babban yatsansa yana kauce wa tarko tun kafin tarkon ya bayyana.

Na ce, "Kai, ka gama shi ko?"

Ya ce, "Haba ɗan'uwa, maimaici ma da daɗinsa."

Daɗin nasa ne. Kwana uku ina ihu da gaske, ashe ni yake kallo, ba talabijin ba.