Motar Baba ta kafe da gawarsa, ni ne sila

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko muku, ina girgiza kai ina cewa wannan wane irin sakaci ne, alhali nawa yana ƙirjina ya fi nasu muni. Yau dai na ce bari in sauke shi. Ku sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci kowa ba.

Lokacin da abin ya faru ni matashi ne mai sabon aure, mai baki, mai son a san da ni a wuri. Daga Najeriya na zo Njamena neman abin kaina. Kafin in taho na yi zaman shagon kawuna inda ake sayar da kayan gyaran mota, don haka na haddace sunayen ƙarafa tsaf, amma ban taɓa kwanciya ƙarƙashin mota ba, farcena bai taɓa yin baƙi da man inji ba. Wanda ya karɓe ni a unguwar Goudji wani dattijo ne mutumin Maraɗi, tsohon direba da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hanyar Nijar da Chadi. Baba muke ce masa. Shi ya ba ni ɗaki a gidansa, shi ya shige mini gaba wurin neman aure. Wata rana janaretonsa ya ƙi tashi, na canza masa fulogi ya tashi, sai Baba ya yi dariya ya ce ashe injiniya Allah ya kawo masa gida. Da wasa ya faɗa, ni kuwa na ɗauka da gaske. Kafin wani lokaci unguwa ta manta sunana, kowa Injiniya, ni kuma ina amsawa har da gyara wuyan riga.

Baba yana da wata tsohuwar akori-kura irin ta shiga daji, mai ja da ƙafa huɗu. Da idanunsa suka yi rauni ya daina tuƙi, sai ya bar wa unguwa ita. Duk wanda ya san gefenmu da damina ya san abin da hakan ke nufi. Laka ce baƙa mai danƙo, wadda ke cire wa mutum takalmi ta riƙe, ba tasi ba, ko mai babur ba ya yarda ya shigo. Motar Baba ce ke fitar da mai naƙuda, ita ke kai mara lafiya asibiti, ita ke kai gawa maƙabarta. Kusa da giya akwai wata gajeriyar sanda da a nan ake ce wa krabo, in an ja ta sai ƙafafun gaba su kama, motar ta tsaga laka ta wuce. Wannan sandar ita ce duk darajar motar.

To injin ya tsufa. Hayaƙi yake yi har maƙwabta su rufe taga, yana shan mai, kullum sai an tura. Bayan wata damina da ya kusa kunyata mu, mutanen unguwa suka yi karo-karo a ƙofar masallaci don a canza shi, Baba kuma ya ce a damƙa wa Injiniya aikin. Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, ya ce cikin lalama ko in tafi da makanike wurin sayen, saboda ido biyu ya fi ɗaya gani. Ni sai na ɓata rai, na ce in ana ganin ban iya ba a ba wani mana. Baba ya yi wa Yaya faɗa a gaban mutane, ya ce ya bar yaronsa ya yi aikinsa. Har yau in na tuna yadda Yaya ya sunkuyar da kai ya ba ni haƙuri, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na je wurin masu sayar da tsofaffin injuna ni kaɗai, ina zagayawa da hannu a baya. Na hango wani inji fes, an wanke shi yana ƙyalli, haɗe da giyabos ɗinsa. Aka tayar mini da shi a ƙasa, sautinsa lafiya lau, ba hayaƙi. Mai kayan bai ɓoye mini komai ba, ya ce daga ƙaramar bas aka ciro shi, ya ce in kawo makanikena ya auna tukuna, domin abin da ya fita daga wurinsa ba ya dawowa. Na ce masa ni ne makaniken. Ya ɗaga kafaɗa, aka loda mini a amalanke.

A wani garaj a unguwar Milezi aka yi aikin. Makaniken ya sauke tsohon injin, ya ɗago sabon da sarƙa ya nufi giyabos ɗin motar da shi, sai ga shi bakinsu bai haɗu ba, ramukan noti kowanne na kallon wani wuri daban. Ya juya shi, ya sake aunawa, sannan ya goge hannu ya kira ni gefe. Ya ce hanya biyu ce. Ko in koma in faɗa wa masu mota an yi kuskure, a sayar da wannan a nemo wanda ya dace, ko kuma ya ɗora injin da giyabos ɗin bas ɗin gaba ɗaya. Motar za ta yi tafiya, in ji shi, amma ƙafafun baya kaɗai za su ja, ta zama motar kwalta. Na tsaya ina hango fuskar Yaya, ina hango ƙofar masallaci, ina jin yadda za a riƙa kiran Injiniya ana ƙunshe dariya. Na ce ya ɗora. Na kuma roƙe shi ya ɗaure sandar krabo da noti a inda take, don kada a ga rami a ƙasan motar. Ya dube ni ya ce, "Kalas, shi ke nan, motarku ce." Da zan tafi ya miƙo mini farfelar gaba, dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga ƙafafun gaba, ya ce in tafi da ita, shi ba ta da amfani a wurinsa.

Ranar da na shigo unguwa da motar har guɗa aka yi. Mata suka leƙo, maza suka zagaye ta suna sauraren injin suna sa mini albarka. Baba ya fito yana dogara sanda, ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet yana jin bugun injin, ya ce madalla. Sannan ya laluba ya kama hannuna.

"Ɗana, ƙafafun gaba suna ja?"

"Suna ja, Baba."

"Ka gwada da kanka? Ba don ni ba fa, don matan nan da naƙuda ke kamawa cikin ruwa."

"Wallahi na gwada, Baba."

Rantsuwar ta fita daga bakina tun kafin in yi tunani. Ya saki hannuna, ya ce Allah ya yi mini albarka.

Daga ranar na karɓe makullin. Na ce sabon inji ba ya son hannu da yawa, ni zan riƙa tuƙawa. Mutane suka ɗauka sadaukarwa ce, har liman ya yi misali da ni wurin wa'azi, alhali tsoro ne kawai kada wani ya taɓa sandar nan ya ji ta ƙam. Duk rani motar ta yi aiki ba laifi. Na kai marasa lafiya, na je ƙauyen Gaoui na ɗauko wa mata randuna da tukwane na biki, ina kauce wa duk inda na hango yashi mai zurfi, ina cewa don kada kayan su fashe ne. Farfelar kuwa na ajiye ta bayan ƙofar ɗakina. Matata ta tambaye ni wane ƙarfe ne, na ce tarkace ne, sai ta mai da ita abin tokare ƙofa in iska ta taso. Kullum sai na tsallake ta in fita, kullum sai na ce wa kaina kafin damina zan gyara komai a ɓoye. Amma gyaran yana bukatar a ajiye motar a garaj, ajiyewar kuma tana bukatar bayani, bayanin ne ba ni da shi. Sau da yawa ina zaune kusa da Baba muna shan shayi maganar ta zo mini har maƙogwaro, sai ya kira ni Injiniya, sai in haɗiye ta.

Ruwan farko da na biyu ba su yi ƙarfi ba, na lallaɓa ta hanyar tudu. Sai aka kwana biyu ana zuba ruwa ba ƙaƙƙautawa, unguwa ta cika. A cikin wannan ruwan Baba ya rasu, da hantsi, bayan gajeriyar jinya a gida. Aka yi masa wanka, aka sallace shi, aka ɗora makara a bayan motarsa. Babu wanda ya tambayi wa zai tuƙa. Yaya ya zauna kusa da ni, sauran jama'a suka biyo a ƙafa. Hanyar tudun da nake bi ruwa ya yanke ta, dole sai ta kwarin da ke bayan unguwa. Tun daga nesa na hango lakar tana sheƙi.

Muna shiga tsakiya motar ta tsaya cak, ƙafafun baya suna juyawa suna watsa laka a kan mutane. Yaya ya ce in sa krabo. Na kai hannu na kama sandar, na yi kamar na ja, na taka totur. Bayan motar ya ƙara nutsewa, makara ta karkata har sai da mutane suka tare ta da hannu. Dattawa masu fararen kaya suka shiga laka har gwiwa suna turawa suna salati. Sai wani daga gefe ya ce ai ƙafafun gaba ba sa motsi. Yaya ya miƙa hannu ya kama sandar da kansa, ya jijjiga ta, ta ƙi ko gezau. Ya sauka, ya kwanta a cikin lakar nan da rigarsa ya leƙa ƙarƙashin motar. Ya daɗe a kwance. Da ya miƙe sai ya ce wa jama'a a sauko da Baba, a kafaɗa za a kai shi.

Na fito da sauri na nufi makarar don in sa kafaɗata. Yaya ya ɗora hannunsa mai laka a ƙirjina, ba da ƙarfi ba, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Injiniya, kai tsaya wurin motar."

Na tsaya. Ina kallo suka ɗauki mutumin da ya ba ni ɗaki ya yi mini aure, suna zamewa suna tashi, suna karɓa-karɓa, har suka ɓace mini. Ban ga kabarinsa ba a ranar, ban zuba masa ƙasa ba. Ina zaune a cikin motarsa, laka har ƙofa, ina kuka ni kaɗai.

Babu wanda ya zage ni, kuma da an zage ni da na fi samun sauƙi. Bayan sadakar uku na ɗauko farfelar daga bayan ƙofa, na saɓa ta a kafaɗa, na ratsa tsakar gida na ajiye ta gaban Yaya da dattawan unguwa, na faɗi komai tun daga wurin sayen injin har rantsuwar da na yi wa Baba. Yaya ya ce shi ya yafe nasa, na Baba kuwa ba shi da ikon yafewa. Motar ta ƙarasa wannan daminar a garaj kafin a samo injin da ya dace. A tsakanin, matan unguwa da naƙuda ta kama a amalanke aka riƙa tura su zuwa bakin kwalta, kuma duk wadda aka wuce da ita ta ƙofarmu sai in shige ɗaki. Allah ya tsare ba a rasa kowa ba, amma wannan tsarewar ba dabarata ba ce.

Sayen injin da bai dace ba kuskure ne da kowa zai iya yi, da na faɗa tun a garaj da an yi mini tsiya na ɗan lokaci an manta. Abin da ya kashe ni shi ne na fi tsoron dariyar mutane a kan tsoron abin da zai same su. Don haka nake jan kunnen 'yan'uwana, musamman matasa da aka laƙaba wa sunan da ya fi ƙarfinsu: in an ba ka amanar abin da ba ka sani ba, ka ce ban sani ba, in kuma ka ɓata, ka faɗa tun ƙasa tana bushe. Har yau ina Goudji, na daina amsa sunan Injiniya, kuma duk gawar da aka fitar a unguwa ina cikin masu rige-rigen sa kafaɗa. Sai dai ko nawa na ɗauka, ta Baba ba za ta dawo in ɗauka ba. Don Allah wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ni ma ya roƙa mini gafara.