Jar langar Baba

"Ina jar langar nan?" Tambayar da Hajiya, mahaifiyata, ta fara yi ke nan da dawowarta daga Rigasa.

Da ba ta nan na rage tarkacen gida, tsofaffin kwanuka duk na ba 'yan gwangwan. Har ina jiran yabo.

Na ce, "Hajiya, ai ta yi tsatsa."

Ta zauna bakin gado ta ce, "A cikinta nake zuba wa babanku tuwo. Tun rasuwarsa, da ita nake aika sadakarsa masallaci duk Juma'a."

Na sayo mata sabuwa a Babbar Kasuwa. Har yau tana cikin ledarta.

Gida ya yi fili, amma Hajiya ta daina hira. Jama'a, da wane baki zan ba ta haƙuri?