Kifin da Ba Ya Daskarewa da Keken Kaka

A ajinmu ni ce mai zane. In aka raba aikin rukuni, ni ake miƙa wa kwali da alƙaluma masu launi, wata kuma ta tsaya gaban allo ta yi bayani. Ban taɓa musu ba, don muryata takan ƙi fita da zarar idanu sun yi mini yawa. Amma bara, da aka zo shirin ranar kimiyya ta makarantarmu, abin ya tsaya mini a rai.

Malamar kimiyya, wadda muke kira Abla kamar kowace malama a Makka, ta haɗa ni da wata 'yar ajinmu mai baki kamar rediyo. An ba mu batun kifayen da ke tekun can ƙarshen kudancin duniya, inda sanyin ruwa ya isa ya daskarar da jinin kifi, amma nasu ba ya daskarewa. Ni na zauna na karanta. Na gano akwai wani furotin a jininsu da ke manne wa ƙwayar ƙanƙara tun tana 'yar mitsitsiya, ya hana ta girma. Abokiyar aikina kuwa haddace shafin ta yi kawai.

Bayan darasi na tsaya bakin teburin Abla har sai da ta ɗago kai.

"Abla, ni nake so in yi bayanin."

"Ke? Habibti, ni da nake kusa da ke ma da ƙyar na ji ki." Ta ajiye alƙalaminta. "To, ran Lahadi ki yi mana a gaban aji, ba takarda. In na gane yadda yake manne wa ƙanƙarar, ke za ki tsaya ranar kimiyya. In ba haka ba, ki yi mana zanenki mai kyau."

A hanyar gida na ƙulla dabara. Zan kai abin da ido zai gani, don bakina ya huta. Babanmu yakan taho da ɗanyen kifi daga Jidda, kuma a makon nan ya kawo. Da Umma ta gama gyara shi, na tsiyaye jinin da ruwan da suka taru a kwano cikin ƙaramin kofin shayi, na zuba ruwan famfo a wani kofin, na tura su can ƙuryar firiza bayan ledojin zoɓon da Umma take daskarar mana. Na riga na ga abin a raina: kofi ɗaya dutse, ɗaya ruwa, aji ya yi tsit.

Da safe muryar Umma ce ta fito da ni.

"Wace mai hankalin ce ta sa mini ƙarnin kifi a cikin zoɓo?"

Tana riƙe da kofin da yatsu biyu. Ya daskare tamau, ja-ja, har ya ɗan kumburo a sama. Yayata tana jingine da ƙofar kicin tana dariya, Kaka kuma tana daga falo a kan kekenta na guragu tana tambayar me aka yi. Na yi musu bayani kaina a ƙasa.

Yaya ta ce, "Kifin Jidda? Wanda ko a watan sanyi ruwansa ɗumi ne? Shi da ke duk ɗaya, ba wanda ya taɓa ganin ƙanƙara sai a firiza."

Kaka ta ce, "Ku bar mini ƙawata. Ke dai zo ki gaya mini, shi wancan kifin bargo yake rufa?"

Gaskiyar Yaya ce, kuma ni ma na sani tun kafin ta rufe baki. Ban taɓa ganin wani kifi ba sai na Jidda, shi ya sa a kaina kifi duk kifi ne. Umma ta sa na wanke firiza da lemon tsami. Ina wankewa ina jera bayanin a zuci, yana watsewa. Na san kalmomin da Larabci, na san su ɗaya bayan ɗaya, amma ban ga hoton ba. Kuma na san halina, abin da ban gani ba ba zai fita daga bakina ba.

Ran Asabar muka kai Kaka Harami sallar la'asar. Daga gidanmu a Tandabawi ba nisa, sai dai gangara, don haka Yaya ke riƙe da keken ni ina gefe da jakar takalma. Muka samu wuri a sashen mata. Kamar kullum, ni na fara shiga sahu, na haɗa kafaɗa da wata mata mai ƙanshin kafur, Yaya ta turo keken Kaka kusa da ni, ita ta tsaya a ɗaya gefen. Ba wadda ta ce mana uffan. Mun tsaya yadda kowa ta tsaya, sahu ya karɓe mu.

Kafin a tayar da iƙama na waiga. Keken ya fi mutum tsawo ta baya, manyan tayoyinsa da mariƙinsa sun shiga wurin sahu na biyu. Matan da suka zo bayanmu suka jeru har suka iso keken, sai layin ya tsinke. Can gaba kaɗan akwai wata tsohuwa a nata keken, can ma wata. Tsakanin keke da keke mata kaɗan ne suka samu shiga, su ma layinsu ya lanƙwashe, ya yi ciki kamar baka. Wata ta zo ta duba, ta ga ba wurin tsayuwa sosai, ta wuce.

Na juya na fuskanci Ka'aba, ga hoton da na rasa ya fito mini sarai. Bayan sallama Kaka ta ce, "Ƙawata, wannan murmushi fa? Ko an yi miki kyauta ban sani ba?" Na ce mata ita ce ta yi mini. Ta ce ai dama ta saba, ni ce ba na godiya.

Ran Lahadi ban riƙe komai ba. Da Abla ta kira ni, na fita gaban allo. Na roƙi 'yan layin gaba su taso su jeru kafaɗa da kafaɗa.

"Ku ne ƙanƙara," na ce. "Ƙanƙara ruwa ne da ya tsaya a sahu. Tana girma ne in sabon sahu ya jeru a bayan na farko."

Wata daga baya ta ce ba sa ji. Na sake faɗa da ƙarfi, abin mamaki kuma muryar ta fito.

Na jawo kujerar Abla mai taya, na sa abokiyar aikina da wata suka kama ta hagu da dama. Na ce kujerar ita ce furotin. Gefensa ɗaya shafaffe ne, kuma a jikin gefen nan yana riƙe da 'yan ƙwayoyin ruwa da ya jera su da irin tazarar da ke tsakanin na ƙanƙara. In ya matso, ƙanƙara sai ta ɗauka nata ne, ta haɗe da su, shi kuma ya maƙale tunda yana riƙe da su. Suka tura kujerar cikin layi. Na kira wasu su yi sahu na biyu. Suka zo suka ci karo da kujera, suka rabu biyu, suna ture juna suna dariya.

"Kun gani, sai dai su cusa tsakanin furotin da furotin, layin ya lanƙwashe. Lanƙwasasshen layi kuwa ba ya riƙe sabon zuwa, sai in sanyin ya ƙaru sosai. Shi ke nan ƙwayar ta tsaya yadda take."

Abla ta harɗe hannu. "To ita ƙwayar da aka tsayar, tana nan cikin jinin kifin ke nan. Ina take zuwa daga baya?"

Wannan ban karanta ba. Aji ya zuba mini ido. Na duba cikina ko tsoron nan zai taso, na ji shiru.

"Ban sani ba, Abla."

"Sai ki nemo kafin ranar, don iyaye za su zo, kuma wani zai tambaye ki." Ta juya wurin abokiyar aikina. "Ke kuma ki karɓi kwalin. Ki dawo mini da kujerata tukuna."