Layun Soja da Gidan Sauro

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da unguwarmu ta New Bell ta shirya ɗan maƙwabciyarmu tafiya soja ba.

Lokacin ana yaƙi a arewacin ƙasar nan, kullum rediyo sai ta kawo labarin hari. Yaron ya gama makaranta bai samu aiki ba, ya nemi soja, aka ɗauke shi. Siriri ne, mai yawan dariya, kuma shi kaɗai mahaifiyarsa ta haifa. Ita ba ta neman lambar yabo, burinta kawai ya dawo da ƙafarsa.

Ana gobe zai tafi horo, aka cika tsakar gidansu bayan la'asar. Wannan ya kawo layar harsashi, wancan ya kawo guru, wata tsohuwa ta kawo kambun da ta ce kakanta ya ɗaura tun zamanin Jamus. Da aka gama rataya masa, sai ya koma kamar mai talla a mahaɗar Ndokoti.

Kawunsa, wani mai kilishi, shi ya zo da babban makami: layar maganin ƙarfe. Ya dage sai an gwada a gaban kowa. Aka jawo ragon walima, ya rataya masa ita, ya yi bisimilla, ya ja wuƙa. Wuƙa ta shige kamar cikin man shanu. Kawu ya dubi rago, ya dubi jama'a, ya ce, “To, ai rago ba shi da alwala.” Aka gasa, aka ci.

Ana cikin ci yaron ya ce, “Kawu, ni fa gidan sauro nake so. An ce barikin a cikin kurmi yake.”

Gida ya kaure da dariya.

“Soja da gidan sauro? Ko amarya za mu kai?” in ji Kawu. “Mon fils, ɗana, kai da ka tashi a bakin kwatar New Bell! Sauron nan bai kashe ka ba, wane sauro ne zai iya da kai?”

Duk unguwar haka muka ɗauka, har da mu masu aikin ofis: wanda sauron New Bell ya yaye, ya gama da zazzaɓi. Gidan sauro ɗaya ne a gidan, na rabon asibiti, shi ma yana kan kilishin Kawu yana tsare ƙuda.

“Yaya, a ba shi mana,” in ji uwar.

“In ba shi, ƙuda su yi sallah a kan namana?”

Haka ya tafi, da layu har wuya.

Bai gama horon ba. Zazzaɓi ya kama shi, ya ɓoye, yana ce wa abokansa shi ɗan New Bell ne, zai wuce. Kafin a gane a kai shi asibiti, ciwon ya hau kansa. Wani hafsa ya kawo jakarsa gida, ya cire hula, ya faɗi kalma ɗaya da kowa ya sani: “Palu,” wato zazzaɓin cizon sauro.

A zaman makoki Kawu ya zazzage jakar, layu suka zubo cif, babu wadda ta ɓata. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, “Amma dai kun shaida, harsashi bai taɓa shi ba.”

Uwar ta yi dariya, hawaye na zuba. “Yaya, ai ko bindigar ba a kai ga ba shi ba.”

Ta miƙe, ta yaye gidan sauron daga kan kilishin, ta ninke shi. Tun daga nan, duk yaron unguwa da zai tafi soja, ita ke fara zuwa da sabon gidan sauro, kuma ba a ƙara yin dariya ba.

Abin da na koya shi ne, in mai tafiya ya faɗi abin da yake tsoro, a saurare shi kafin a ɗora masa maganin abin da mu muke tsoro. Allah ya jiƙansa.